Tsatsa a Bayan Alminiyam: Yadda Aka Farfaɗo da Bodin Wata Land Rover 109 ta Soja

Motar Land Rover ce Series III mai dogon casis, wadda ake kira 109 saboda tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya inci 109 ce, wato kusan mita 2.77. A Solihull ta ƙasar Ingila aka riƙa ƙera wannan samfuri daga 1971 zuwa 1985. Wannan ɗin ta soja ce, irin wadda rundunar Birtaniya ke kira FFR, da aka tanada don ɗaukar rediyon sadarwa: wutarta 24V ce, batira biyu na zaune tsakanin kujerun gaba, tankunan mai biyu kuma suna ƙarƙashin kujeru, sai an ɗaga kushin ake zuba musu mai. Bayan ta bar aikin soja ta yi shekaru a gona tana dakon taki da hatsi, daga baya aka jingine ta a gindin bishiya damina ta yi ta wucewa a kanta.

Wanda ya hango ta daga nesa zai ce fenti kawai take buƙata. Fenda biyu na gaba lafiya lau, gefen akwatin baya babu huda, bonet ɗin ma 'yar lotsawa ce a inda ake ɗora safayar taya. Kyan ɗan maciji ne. Tun 1948 da aka fara yin Land Rover, lokacin da ƙarfe ke da wuyar samu a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, fatar motar da wani haɗin alminiyam da maganiziyam aka riƙa yin ta, mai suna Birmabright, wanda ba ya yin jar tsatsa. Amma duk abin da ke ɗauke da wannan fata baƙin ƙarfe ne: casis, da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, da firam ɗin ƙofofi, da allon da ke riƙe lagireto, da ƙarafan da ke tallabe da daɓen akwatin baya. A nan ɓarnar take, kuma a nan aikin yake. Wanda ya fara da abin da ido ke gani ya fara ta inda ya kamata ya ƙare.

Abin da guduma ta nuna

An fara da wanki da ruwa mai matsi, ana cusa shi ta ramukan casis har ya daina fitowa da laka. Casis ɗin Series akwati ne da aka haɗa da fallayen ƙarfe masu kaurin kusan milimita 2, cikinsa kuma ba a yi masa wani shafin kirki a masana'anta ba. Laka ta shiga ta zauna, ta riƙe danshi watanni bayan ruwa ya ɗauke, sai tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Shi ya sa kafin rami ya bayyana a waje, kewayensa ya riga ya zama siriri.

Sai aka kankare baƙin shafi mai kauri irin na kwalta da ke ƙasan motar, da iska mai zafi da abin kankara. Wannan shafi yana kare ƙarfe muddin yana manne. Da ya tsufa ya tsattsage, ruwa ke shiga bayansa ya kwanta, daga waje kuma a ga kamar komai daidai.

Daga nan sai guduma ƙarama mai kai mulmulalle da tsohuwar sukudireba. Ƙarfe mai rai yana amsawa da ƙara mai kaifi, gudumar ta dawo wa hannu. Wanda ya ruɓe ta ciki tim yake amsawa, a ji garin tsatsa na zubowa a cikin akwatin. Duk inda aka yi shakka an huda ƙaramin rami na milimita 6 an duba ainihin kaurin da ya rage. Ga abin da aka samu: ƙarfen gicciye na baya, wanda ke ɗauke da ƙugiyar jan tirela, ya ruɓe ta ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, rassan casis biyu da bangon gaba ke zaune a kansu sun huje, ƙahon casis na gaba na dama ya yi laushi a ƙasa, reshen da ke riƙe tankin hagu ya kusa rabuwa. Manyan dogayen ƙarafan casis ɗin kuwa, tsakanin maratayar sifirin ta gaba da ta baya, sun amsa da kyau, har ta samansu inda suka hau kan aksul na baya, wurin da ba a ganinsa sai an ɗaga akwatin.

Wannan na ƙarshe shi ne ya yanke hukunci. Idan dogayen ƙarafan sun ruɓe ta sama, ko an iske faci a kan faci a jikinsu, gyara ɓata kuɗi ne, gara a nemi wani casis. Akwai masu ƙera sababbi a Ingila da aka tsoma a tutiya, sai dai kuɗin dako da na kwastan ba kaɗan ba ne, kuma lambar motar a jikin ƙahon gaba na dama aka buga ta, don haka sauya casis magana ce da ta shafi takardu. A wannan motar gyara ya fi. An ɗauki hoton lambar, aka tsara yanka ta yadda wurin da take ba za a taɓa shi ba.

Awo kafin yanka

Babu kuskuren da ya kai a warware mota gaba ɗaya, a yanke duk ruɓaɓɓen ƙarfe a yini guda, sannan a fara tambayar ina kowane abu yake zaune. Ruɓaɓɓen ƙarfe, duk lalacewarsa, shi ne shaidar da ta rage ta inda masana'anta ta ajiye kowane rami. Kafin a kwance noti ɗaya an auna faɗin kowace ƙofa sama da ƙasa, daga ginshiƙin gaba zuwa bakin akwatin baya. An auna tazarar ramukan bol biyu da ke ɗaure bangon gaba. An auna casis daga kusurwa zuwa kusurwa, daga ramin maratayar sifirin ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, da akasin haka. Awon biyu sun zo da bambancin da bai kai milimita 5 ba, alamar casis ɗin bai taɓa karkacewa a hatsari ba. An rubuta komai a jikin allo a bangon gareji, ba a ƙwaƙwalwar wani ba.

An cire batira da tankuna biyu an kai su nesa. Tankin fetur da babu mai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa, kuma tartsatsin giranda yana tafiya mita da yawa. Notukan wannan mota gauraye suke: yawancin na bodi masu zaren inci ne da ake kira UNF, a giyabos da aksul akwai tsofaffin zare na Birtaniya, motocin ƙarshen samfurin kuma sun fara shigo da na milimita. Dole kowane rukuni ya shiga ledarsa da rubutu, domin bol na milimita zai kama zare biyu a notin inci sannan ya cinye sauran.

Casis

Ƙarfen gicciye na baya aka fara yi, kuma tun akwatin baya yana zaune a wurinsa, domin kunnuwan da ke ɗaure akwatin a jikin wannan ƙarfe suke. An lanƙwasa sabo daga falle mai kaurin milimita 3, tsohon ya zama abin kwaikwayo, da hannuwa biyu da za su shige kan dogayen ƙarafan. An yanke tsohon har inda giranda ta fara fitar da ƙarfe mai haske da cikakken kauri, aka ɗaure sabon a jikin akwatin da bol, aka ɗiga walda a kusurwoyi, sannan aka ɗaga akwatin aka kammala. A cikinsa, duk inda bol na ƙugiya zai ratsa, an sa guntun fayif mai kauri an walde. In babu su, ɗaure bol ɗin zai matse akwatin ƙarfen, ƙugiya ta riƙa sassautawa, wata rana ta fita da tirela a kan hanya.

Rassan da ke ɗauke da bangon gaba ɗaya bayan ɗaya aka sauya su. An huda wani ƙarfe mai kusurwa daidai da ramukan biyu tun tsofaffin na nan, shi ya zama ma'auni. Da aka yanke reshen farko, bangon casis da ke bayansa ya fito da ƙuraje da ƙananan huda. Haka yake a kusan kowace irin wannan mota. Walda sabon reshe a kan wannan wuri aikin banza ne. An yanke shi, aka shigar da falle na milimita 2.5 baki da baki, aka zagaye kusurwoyinsa don kada tsagewa ta samu mafari, sannan reshen ya hau. Inda dole a haɗa dogon ƙarfen casis, ba a yin layin walda a tsaye cak daga sama zuwa ƙasa. A karkace ake yanka, a ƙara falle mai siffar lu'ulu'u ta ciki.

A kaurin casis waldar lantarki ta sanda tana aiki, da sanda mai lamba E6013 ta milimita 2 ko 2.5 da wuta sassauƙa, in mai waldar yana da hannu. A bangon gaba kuwa ba ta da wuri.

Bangon gaba

Nan ne zuciyar aikin. Wannan bango ne ke ɗauke da gilashin gaba, da hinjin ƙofofi, da fedar birki da ta kuloci, da sandar sitiyari, da bayan fenda da na bonet. In ya karkace da milimita kaɗan, ƙofa ba za ta rufu ba, gilashi ba zai haɗu da rufi ba, bonet zai zauna a gicciye. Kuma da siririn ƙarfe aka yi shi, wajen milimita 1.2, ninki biyu ko uku a wasu wurare, an haɗa da waldar ɗigo.

Tsatsarsa tana da hanyoyi sanannu. Ruwa yana shiga ta robar da ke ƙarƙashin gilashi da ta tagogin iska guda biyu, ya taru a kusurwoyin sama, ya gangara ta cikin ginshiƙin ƙofa ya kwanta a ƙafarsa. Ganyen bishiya ya toshe magudanar da ke bayan bonet, ya ƙara taimaka masa. Taya tana watso laka a gurbin ƙafa ta waje, tabarmar roba tana riƙe ruwa ta ciki. Gurbin ƙafar direba yana da ƙarin masifa: man birki da na kuloci da ke ɗiga daga sama suna cinye fenti, kuma suna jan danshi daga iska.

Da aka kankare gurbin ƙafar direba sai ga fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, mai kaurin yatsa, a ƙarƙashinta kwanon rufi da aka liƙa a kan ramin da jar walda ta kabaid. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Faci a kan rami yana haifar da ninki biyu da ruwa ke shiga tsakaninsu ya kasa fita. Hodar jar walda da ba a wanke ba tana jan danshi. Fila tana shan ruwa ta baya. Tsatsa kuma tana cin wuri ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta kumbura ta ɗaga facin. Ramin da aka rufe yana kamar tafin hannu ya koma rabin gurbin. Kuma duk inda tagulla ta taɓa sai an goge ta tas ko a yanke wurin, domin sabuwar walda ba ta kama a kanta, tsagewa take yi.

An sauke bangon aka ɗaure shi a kan firam na fayif mai kusurwa huɗu na milimita 40: ɗaya a ƙasa ta ramukan ƙafafu biyu, biyu a gicciye zuwa maɗauran gilashi na sama. Dokar ita ce gefe ɗaya a lokaci guda, a gefen ma abu ɗaya a lokaci guda. Ba a cire ginshiƙi da gurbin ƙafa tare, domin kowannensu shi ke nuna wa ɗan'uwansa wurin zama.

Ginshiƙi da ƙafarsa aka fara. An goge layin haɗin har ɗigon waldar masana'anta suka bayyana, aka huda kowanne da bakin diril na milimita 8 mai faffaɗan kai, wanda ke cin fallen sama ya bar na ƙasa, aka raba da siririn cizil. Sabon ginshiƙin an kama shi da matsi, aka ɗaura masa hinji da ƙofar kanta a kan motar kafin a ɗiga walda ko ɗaya. Ƙofa ita ce ma'aunin gaskiya, ta fi tef. An mayar da bangon kan casis don wannan gwaji, aka sake sauke shi. Wahala ce, amma ta fi a yanke waldar da aka gama.

Gurbin ƙafa an zana shi da kwali, aka yanka daga falle na milimita 1.2, na direba 1.5. Na asali yana da layukan kumburi da aka matsa a jikinsa don ƙarfi. Falle sumul yana lanƙwashewa duk lokacin da aka taka birki, a hankali ya tsage a kewayen akwatin feda. An buga masa layukan kumburin a kan katako mai kwari, aka ƙara fallen ƙarfafawa inda fedoji ke ɗaure. Ramukan feda daga tsohon aka kwafe su. Ramukan maɗaurin akwatin sitiyari kuwa an bar su ba a huda ba sai ranar haɗa mota.

Waldar MIG, wadda na'ura ke turo siririyar waya da kanta, aka yi amfani da ita, da waya ta milimita 0.6 da gas. Inda masana'anta ta yi ɗigo an huda ramuka na milimita 7 a sabon fallen, tazarar milimita 30 zuwa 40, aka matse fallayen biyu har babu sarari, aka cike kowane rami daga tsakiya zuwa baki. In akwai sarari tsakaninsu, waldar ta cika ramin sama ba ta kama na ƙasa ba, sai a ga ɗigo mai kyau da za a iya ɓamɓarewa da cizil. Ana duba baya: kowane ɗigo ya kamata ya bar tabon zafi a can. Inda aka haɗa baki da baki an bar sarari kamar milimita 1, a ɗiga nan, a tsallaka can nesa, a dawo bayan wurin ya huce har a iya dafa shi. Walda tana tsukewa idan ta huce. Dogon layi ɗaya a kan siririn falle zai ja ginshiƙi ciki, ya murɗe gurbin, kuma wannan ne dalilin da ya sa waldar kabaid, mai zafafa wuri mai faɗi, take barin bangon a karkace. Kowane ɗigo ana ɗan buga shi da guduma a kan ƙarfen tokara don ya saki abin da ya ja. Ba a zuba ruwa don a yi sauri.

Kusurwoyin sama sun fi komai cin lokaci, duk da ƙanƙantarsu. Ninki uku ne suka kumbura suka haɗe. An buɗe su ɗaya bayan ɗaya daga waje, aka sake gina su daga ciki, kowane ninki ya sha fentin tutiya mai jure walda kafin na gaba ya rufe shi. Bakin da robar tagar iska ke zama a kai an kiyaye shi sosai, domin in ya lanƙwashe ruwa zai dawo ta hanyar da ya saba. Bayan an goge walda da faifai mai laushi, ba tare da an cinye fallen da ke gefe ba, an shafa alli a waje, kananzir a ciki. Duk inda allin ya yi duhu akwai huda, aka koma aka cike. A ƙasan kowane ginshiƙi an bar rami na milimita 10 don ruwa ya fita.

An yi shawarar tsoma bangon a tutiya aka fasa. Narkakkiyar tutiya zafinta wajen digiri 450 ne, siririn bango mai sababbin walda da yawa yana iya fitowa a murɗe, ga sake buɗe kowane zare. Ga motar da za ta zauna a busasshiyar ƙasa, inda ba a watsa gishiri a titi kamar yadda ake yi a Ingila lokacin sanyi, fenti mai kyau da kakin hana tsatsa a ciki sun wadatar. Allon lagireto ƙasansa kawai aka sauya, haka tiren batir da ruwan batir ya cinye.

Inda ƙarfe biyu suka haɗu

A jikin ƙofofi, daidai inda firam yake ta ciki, fenti ya yi ƙuraje a jere, a ƙarƙashinsu farin gari. Daɓen akwatin baya ya huje a layi-layi a kan ƙarafan da ke tallabe da shi, kuma kewayen kowane bol ya zama gari. Dalili ɗaya ne. Alminiyam da baƙin ƙarfe in suka taɓa juna, ga ruwa mai ɗan gishiri a tsakaninsu, batir ne ƙarami ya haɗu, kuma alminiyam ne ke narkewa. Takin zamani da ya zube a akwatin gishiri ne mai jan danshi, shi ya hanzarta abin.

Alminiyam yana da abubuwan da ba ya yafewa. Sodar yin sabulu, wadda wasu ke cire fenti da ita, narkar da shi take yi, tana fitar da iska mai kama wuta. Burushin baƙin ƙarfe yana barin ƙananan ɓarɓashi a jikinsa da za su zama sababbin ƙuraje a ƙarƙashin fenti. Feshin yashi yana miƙar da fallen ya yi tumbi. An cire fenti da maganin da aka rubuta ya dace da alminiyam, da samfefa, da burushin sitenles da bai taɓa wani ƙarfe ba.

Birmabright yana taurara idan an buge shi ko an lanƙwasa shi, in aka matsa ya tsage. Kafin a buɗe leɓen fatar ƙofa ko a fitar da lotsawar bonet, ana goga sabulu a wurin, a zafafa ta ɗaya gefen da wuta mai laushi ana yawo da ita, da sabulun ya yi baƙi a janye. Ya yi laushi ke nan. Ba ya yin ja kafin ya narke, don haka wanda ya jira launi zai ga rami. An buɗe fatun ƙofofin, aka sauya ƙasan firam, aka fente shi, aka manna masa tef na PVC mai kauri a duk inda fata za ta taɓa. Kafin a matse leɓen ƙarshe an rataya ƙofar a mota an murɗa ta da hannu har ta kwanta daidai da bodi, domin da zarar an matse ta tsaya a yadda take. Saman ƙofofin, masu ɗauke da gilashi, sun wuce gyara, an sauya su.

Daɓen akwatin an sauya shi da fallen alminiyam nau'in 5251 na milimita 3, a kan sababbin ƙarafa masu tutiya, da tef a tsakani. Ribit na alminiyam na milimita 4.8 aka sa, kowanne an tsoma shi a Duralac, wani rawayan man haɗi da ake amfani da shi a jiragen ruwa da na sama don raba ƙarafa mabambanta. Mutane na son bol na sitenles saboda ba ya tsatsa, alhali a jikin alminiyam ya fi baƙin ƙarfe ɓarna in ba a raba su ba, kuma bai dace da wurin ɗaukar nauyi ba. An yi amfani da bol masu tutiya, da washa ta nailan a ƙarƙashin ta ƙarfe. A sitiyari da ƙugiya da bel ɗin kujera kuma masu lambar ƙarfi 8.8 ko makamancinsu na inci. Giris mai jan ƙarfe kada ya kusanci alminiyam.

Fenti

Casis da bangon gaba an yi musu feshi da tsakuwar feshi ta musamman, ba yashin rafi ba, wanda ƙurarsa ke daskarar da huhu ba magani. Ƙarfen da aka fesa tsirara yake, a damina cikin sa'o'i yake fara ja, don haka a ranar ya sha shafin farko na efoksi, na biyu kuma cikin lokacin da aka rubuta a gwangwani. Daga nan aka bi kowane layin haɗi da abin toshewa na foliyuriten. Silikon mai warin tsami yana cin ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi. Alminiyam an goge shi, an wanke maiƙo, ya sha nasa shafin nan take. Efoksi ya ci kusan lita 5, fentin sama wajen haka.

Kafin a cire tsohon fenti an bi wasu wurare da samfefa mai laushi ninki-ninki. A ƙasa aka sami koren nan mai duhu da sheƙi da ake kira Deep Bronze Green, a kansa koren soja maras sheƙi da aka shafa da burushi. Na ƙasan aka mayar. Fenti maras sheƙi yana shan ruwa, duk mai son sa sai ya tabbatar abin da ke ƙarƙashinsa ya rufe ƙarfe ruf. Ƙananan lotsawar waldar ɗigo da ke gefen akwatin baya ba a cike su da fila ba. Haka motar ta fito daga Solihull.

An yi feshin da sassafe, ƙasa a jiƙe don ƙura ta kwanta. Da rana tsaka a bazara fenti yana bushewa kafin ya isa jikin falle, ya fito da kaushi, sai an nemi tina mai jinkirin bushewa. Fenti mai haɗi biyu yana da guba da ƙyallen hanci ba ya tarewa, haka hayaƙin walda a kan tutiya yana sa zazzaɓi. Madarar da masu walda da masu fenti ke sha bayan aiki ba ta fitar da ko ɗaya daga huhu. Abin rufe fuska na gaske da iska mai wucewa su ne kariya.

Haɗawa

Motar tana kan tayoyinta, inji da giyabos a ciki, aka fara ɗora bodi, domin casis yana ɗan sauya zama da nauyi. Akwatin baya ne farko, shi ne ba ya motsi. Sai bangon gaba da bol a sake, sai ƙofofi. An ja zare a kan layin kumburin da ke bin gefen motar daga baya zuwa gaba, aka riƙa ƙara washa tsakanin ƙafar bango da reshen casis, ana karkata bangon gaba ko baya, har layin ya miƙe, sararin gaban ƙofa da na bayanta suka yi daidai daga sama zuwa ƙasa. Sannan gilashi da sandunan tamfol, sannan aka ɗaure, aka huda ramukan maɗaurin sitiyari a inda suka faɗa da kansu. In an huda su tun farko aka ja bangon da ƙarfin bol don su haɗu, gurbin ƙafa zai zauna a matse ya tsage. Akwatin kujeru, daɓen gaba, fenda da bonet su ne na ƙarshe.

Da aka haɗa batir fitilun baya suka ƙi kamawa, sigina kuma ta riƙa kunna fitilar birki. Ba laifin wayarin ba ne. Fitilun ta jikin bodi suke samun at, wato hanyar da wuta ke komawa batir, yanzu kuma fenti da tef da nailan sun raba kowane falle da ɗan'uwansa, wanda shi ne abin da ake so. Maganin ba kankare fenti ba ne. An ja wa kowace fitila baƙar wayarta zuwa wuri ɗaya a jikin casis, aka goge wurin, aka ɗaure, aka rufe da giris.

Kaki ne ya zo bayan duk walda da fenti sun ƙare, domin yana kama wuta, fenti kuma ba ya zama a kansa. An ɗumama shi, aka cusa doguwar tiyo mai fesawa ko'ina cikin casis, da rassa, da ginshiƙai, da saman bango, da firam ɗin ƙofofi, har ya ɗigo ta ramukan ƙasa, wajen lita 5. An zaɓi mai kauri, don siriri yana tsiyayewa a zafin Afrilu. Baƙin man inji da wasu ke zubawa yana da tsami a cikinsa, ruwa yana wanke shi, yana kuma kumbura robobi. Bayan kakin ya daskare an bi ramukan fitar ruwa da waya an buɗe waɗanda ya toshe.

An sauya famfon birki da na kuloci na sama da sababbi, tunda su ne suka fara kashe gurbin ƙafar direba. Aka ɗauki tiyo aka yi wa motar ruwa ta gilashi da tagogin iska, mutum ɗaya yana ciki da tocila. Tagar hagu ta ɗiga a kusurwa. Aka sassauta hinjinta, aka matso da ita kan robar, ɗigar ta tsaya. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita a kan hanyar burji an sake bin bol na bangon gaba da na akwatin baya, waɗanda suka ɗan saki saboda tef da fenti sun kwanta, aka mayar da ƙofar direba da ta sauka kaɗan ta hanyar hinjin sama.